Ƙyallen da Babu a Tukunyar Barakatu

A Wudil, a shekarun da arzikin mai ya fara shigowa, kusan duk wanda bai kai shekara arba'in ba hannun Iya Barakatu ne ya fara taɓa shi a duniya. Ungozoma ce, 'yar ungozoma. Gajeriya ce mai saurin tafiya, ba ta son hayaniya, ko alif ba ta sani ba a rubuce. Amma a bayan gadonta akwai wata tsohuwar tukunya mai murfin faifai wadda ta gada tare da sana'ar. Duk jaririn da ta yanke wa cibiya, sai ta yagi ɗan ƙyalle tsawon yatsa daga zanen da aka fara naɗe shi ta kai gida. 'Ya'yan mace ɗaya, ƙulli ɗaya. In wata ta ba ɗan wata nono, ko sau ɗaya ne, sai ta raba ƙyallen yaron biyu, ta ɗaura rabi a ƙullin matar da ta shayar da shi. Ita kaɗai ta san wane ƙyalle ne na wa.

Da can masu neman aure ne kawai ke yi mata sallama, su tambaya ko akwai nono tsakanin wane da wance. Da zamani ya juya, sai ga mutane da takardu a hannu. Mai son fasfo na aikin Hajji, mai neman makaranta, mai neman aikin gwamnati, kowa ana tambayarsa shekarar haihuwa da sunan kaka. Sai ta zauna ta lalubo ƙyallen mutum ta ce, “Kai daminar da kogi ya ci gonakin rake aka haife ka, kakanka Sabo mai komar kamun kifi.” Malamin ofis ya mai da maganar lamba ya rubuta. Ba a taɓa jin ta ce ba ta sani ba, kuma a ranta tana jin daɗin hakan.

Ranar wata Litinin da hantsi tana tankaɗe, Ja'afaru direba ya faɗo gidan ko gaisuwa bai ƙarasa ba. Tirelar siminti yake ja daga Ikko, mutum ne mai barkwanci wanda bai taɓa shigowa bai tsokane ta ba. Ranar kuwa leɓɓansa sun bushe fari fat.

“Iya, taso. Taso don Allah, Malam Dattijo na kira.”

“Matarka Huseina ce? Ai da saura, watanta bakwai.”

“Ba haihuwa ba ce, Iya.”

A zauren Malam Dattijo, limamin unguwa, ta tarar da wata tsohuwa zaune a gefen tabarma, haƙorin Makka na walƙiya a bakinta. Sai da ta yi magana Barakatu ta gane ta. Turai ce, maƙwabciyar marigayiya Rabi, uwar Ja'afaru. Shekara ashirin da uku ke nan da ta bi ayari a ƙasa zuwa gabas, har an fid da rai da ita, sai ga shi jirgi ya dawo da ita cikin alhazan bana.

“Barakatu, ke ce kika tsufa haka?” in ji Turai. Ta yi dariya, dariyar ta mutu a hanya. “Wallahi ban zo da sharri ba. Gaisuwar rasuwar Rabi na je yi, aka ce ga matar Ja'afaru. Na ce 'yar wa? Aka ce Huseina ce, 'yan biyun gidan Maikano. Na ce innalillahi! Ai da idona na ga Rabi ta ɗora yarinyar nan a cinya ta ba ta nono. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Uwarta na kwance zazzaɓin jego na cinta, Hassana ta riga ta koma, ita kuma tana ta tsala kuka. Rabi na goyon ɗanta Bilya a lokacin. Ku kawo Alƙur'ani in dafa.”

Barakatu ta tuna. Ita ta karɓi 'yan biyun, kwana uku bayan haka aka zo daga Kausani aka ce 'yarta na naƙuda, ta tafi ta yi arba'in a can. Ko da ta dawo an binne uwar 'yan biyu, jaririyar tana hannun kakarta ana ba ta madarar shanu. Ba wanda ya ce mata komai, ita ma ba ta tambaya ba.

Malam Dattijo ya dube ta. “Iya, shekara takwas da suka wuce, a nan zauren na aika aka tambaye ki. Me kika ce?”

“Allah gafarta Malam, na ce babu nono.”

“A kan maganarki na ɗaura.” Bai ɗaga murya ba, gara ma a ce ya ɗaga. “In wannan ta tabbata, wa da ƙanwa ne, babu aure tun ranar da aka shafa fatiha. Huseina ta koma gidan baffanta yau. Ranar Juma'a in an sauko masallaci zan kai maganar gaban alƙali, ba ni da ikon riƙe ta fiye da haka.”

Juma'a kuma ranar kasuwar Wudil ce. Kafin la'asar labarin zai hau motocin shanu ya bazu ko'ina.

Washegari ta je gidan baffan Huseina. Ta same ta a ƙuryar ɗaki, ta jingina da bango, cikin ya yi mata nauyi, yaranta uku na wasa a tsakar gida ba su san abin da ake ciki ba.

“Sannu, 'yar nan. Kin ci abinci?”

Huseina ta dube ta. Can ta ce, “Iya, ke kika karɓe su duka ukun. Ki gaya mini, su waye su yanzu? In an tambayi babbarsu Murja wane ne ubanta, ta ce Baba ko ta ce Kawu?”

Barakatu ta miƙe. Ta fita ta manta takalmanta, sai da ƙasa ta ƙona mata ƙafa ta koma ta ɗauka.

Ba surutun gari ne ya fi ba ta tsoro ba. Kabari take gani. Duk sallar da ta tayar sai ta rasa raka'a nawa ta yi, don tana jin ana tambayarta, ke da kika ce babu, me kika sani? Shekara takwas na zaman mutum biyu, yara uku da na ciki, duk a wuyanta, saboda kalma ɗaya da ta faɗa tana tsinke zogale ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ranar Laraba bayan azahar ta jawo tukunyar tsakiyar ɗaki ta zazzage a tabarma. Ta nemo ƙullin Rabi. Ƙyalle uku ne: Bilya da ƙannensa mata biyu. Na Ja'afaru babu, kuma ba zai kasance ba, don ba a Wudil aka haife shi ba. Rabi daga Darki aka auro ta, bazawara, ta zo da yaro ɗan shekara huɗu riƙe da gefen zanenta, aka ce ubansa Haladu ya rasu. Kowa ya ɗauka ɗanta ne, ita ma ta ɗauka. Ashe ta ba da shaida a kan mutumin da ba ta da ƙyallensa.

Ta riƙe na Bilya, wani saƙi mai ratsin baƙi, tana murza shi a yatsa. Sai ranar haihuwarsa ta dawo mata. Kwana biyu Rabi ta yi a durƙushe. Ba ta san lokacin yin nishi ba, ba ta san yadda ake riƙe jariri a ba shi nono ba, sai da aka nuna mata. Har Barakatu ta yi mata tsiya ta ce, “Ke kamar ba ki taɓa yi ba!” Rabi ta sunkuyar da kai.

Barakatu ta miƙe zaune sosai. Wani abu kuma ya biyo baya. Matan unguwa sun sha zunɗen Rabi a kan ba ta da kunyar ɗan fari. Gatsal take kiran sunan Ja'afaru a gaban kowa, ta zaunar da shi ta yi masa wasa, ta yabe shi. Amma Bilya fa? Barakatu ta bi shekara ashirin da biyar a ranta tana nema, ba ta samu rana ɗaya da ta ji sunan Bilya a bakin Rabi ba. “Yaron nan” take cewa, ko “wancan”. Kuma Rabi mace ce mai tsoron Allah, ta san ta shayar da Huseina, amma ranar bikin ita ta fi kowa rawar kai.

Ba murna ta ji ba. Tsoro ne sabo, kada ta sake faɗin abin da ba ta tabbatar ba. Ta aika aka kira Ja'afaru.

“Gobe da safe za ka kai ni Darki.”

“Me ke Darki, Iya?”

“Ban sani ba. Mu je mu tambaya.”

Shi kansa sai da ya dube ta, don bai taɓa jin kalmar a bakinta ba.

Da kan tirelar ya zo, ya bar bodin a tasha. Sai da mutum biyu suka tallafa ta hau. Ta ƙanƙame ƙofa tana salati duk lokacin da wata mota ta gifta, ƙasa ta yi mata nisa kamar tana kan rumbu. Da suka kusa, Ja'afaru ya dube ta.

“Iya, in ta tabbata, ni ba zan zauna a garin nan ba. In na tafi Ikko ba zan dawo ba.”

“Kalli hanya,” in ji ta.

A Darki suka nemi gidan liman. Tsohon limamin ya daɗe da rasuwa, ɗansa Malam Ya'u ne a wurin. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da mutanen Wudil da damina, Barakatu na amsawa. Da ta faɗi abin da ya kawo su, Malam Ya'u ya shiga ciki ya fito da wata gafaka da ta sha hannu. Mahaifinsa, in ji shi, duk yaron da ya raɗa wa suna sai ya rubuta a 'yan warƙoƙi ya cusa a bayan littafi. Ya daɗe yana buɗawa yana hure ƙura, gara ta ci gefen wasu.

“Ga shi. Ja'afaru ɗan Haladu ɗan Ɗan'auta maƙeri.”

Ja'afaru ya ɗago. “Ɗan'auta maƙeri ai mahaifin Inna ne. Mahaifin Rabi.”

“To, ai Rabi ƙanwar Haladu ce,” in ji Malam Ya'u, yana mamakin tambayar. “Ciki ɗaya. Ina yaro lokacin, amma na san gidan.”

Ja'afaru ya dafa bango. Barakatu ba ta bari ya yi magana ba. “Allah gafarta Malam, uwar fa? Wa aka rubuta?”

“Iya, takarda ba ta rubuta sunayen mata.”

“Nono kuwa ta wurinsu yake bi,” in ji ta. “Malam Dattijo ba zai karɓi rabin magana ba. Sai an san wadda ta haife shi, da wadda ta shayar da shi, da ko Rabi ta taɓa sa shi a ƙirji.”

“Matar Haladu tana nan da rai. Uwa mai daddawa, gidan da ke bayan rimi.”

“Uwa?” Ja'afaru ya yi wata dariya mara daɗi. “Matar nan ba ta ƙaunar ganina. Tun ina yaro in Inna ta kawo ni, na durƙusa na gaishe ta sai ta juya mini baya. Daddawa dai take aiko mana duk kaka, ban san dalili ba.”

Barakatu da Malam Ya'u suka dubi juna.

Aka bar Ja'afaru a ƙofar gida. Malam Ya'u da wani dattijo maƙwabci suka tsaya a bayan danga inda za su ji. Barakatu ta shiga ita kaɗai. Ta tarar da wata doguwar mace siririya tana wanke kalwa a ƙwarya, hannayenta sun yi jawur. Suka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan Barakatu ta zauna a kan turmi ta faɗi komai, ba ta rage ba, har da laifin kanta.

Uwa ba ta daina wanke kalwar ba. “Rabi ta riƙe amana,” ta ce. “Allah ya ji ƙanta.”

“Amin. Amanar wa?”

Uwa ta ci gaba da wanke kalwarta.

“'Yar uwa, ni ma na haifi 'yar fari, har yau ban kira sunanta ba. Na san abin da nake roƙonki. Amma gobe Juma'a.”

“Ku tambayi maza. Suna da takarda.”

“Mun tambaya. Ba ki a ciki.”

Uwa ta tsiyaye ruwan, ta ɗebo wani. “Shekara talatin da uku ban yi abin kunya ba. Sai yau da furfura, maza na bayan danga suna ji?”

Nan tsoron Barakatu ya kai ƙarshe, don ta ga matar nan za ta iya yin shiru har gobe, har abada, ba da mugunta ba. Ta sauka daga kan turmin ta durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, tsohuwa a gaban wadda ba ta kai ta shekaru ba, ta kama bakin ƙwaryar da hannu biyu.

“Akwai yarinya mai sunan Murja, shekararta bakwai, dogon wuya gare ta kamar naki. Shekaranjiya uwarta ta tambaye ni ko Baba za ta ce ko Kawu. Ban da amsa. Ke kaɗai ke da ita a duniya. In kin yi shiru, ni zan shiga kabari da su, ke kuma ki shiga da kunyarki.”

Hannun Uwa ya tsaya a cikin ruwa. Da ta yi magana, bango take fuskanta.

“Wata goma sha tara ya sha, a nan.” Ta dafa ƙirji da jiƙaƙƙen hannu. “Ba wadda ta taɓa ba shi sai ni. Ina takaba aka yaye shi. Rabi ta fito daga aurenta na fari ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, tana ta kuka, uwarsu ta ce a ba ta shi ta riƙe. Da kunu ta raine shi. Da za ta yi aure Wudil ta ce kada a gaya masa, kada ya ji shi bare ne a gidan. Na ce to.”

Daga bayan danga Malam Ya'u ya yi gyaran murya. “Baiwar Allah, a yi haƙuri. Shaida ba ta tsayawa a kan ‘shi’. Wa kike nufi? Sai kin ambaci suna.”

Uwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Barakatu na jin numfashinta, tana jin kaji na tono a bayan rumbu, tana jin wata mota na wucewa can a kan titi. Ta rufe ido.

“Ja'afaru,” in ji Uwa. Sunan ya fito a karkace, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. “Ja'afaru ɗan Haladu. Ni na haife shi.”

Malam Ya'u ya rubuta, dattijon ya sa hannu. Da za su tafi Ja'afaru ya shigo tsakar gidan, ya tsaya, ya rasa abin da zai kira ta. Ya durƙusa kamar yadda ya saba tun yana yaro ya ce, “Mun same ku lafiya?” Uwa ta juya masa baya kamar kullum. Wannan karon bai tashi da wuri ba. Ya daɗe a durƙushe yana kallon bayan nata, hawaye na bin gemunsa. Ita kuma ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon zanen goyo da ya koɗe, ba ta dube shi ba, ta miƙa wa Barakatu.

“An ce kina tara tsumma.”

Ranar Juma'a da safe Malam Dattijo ya karanta takardar sau biyu, ya sa aka kira Turai ta ji. Ya ce Huseina 'yar gwaggon Ja'afaru ce ta wajen nono, aure yana nan daram. Turai ta rangaɗa guɗa a zauren liman har sai da aka tsawata mata. Kafin a tafi masallaci Huseina ta koma ɗakinta. Bayan wata biyu Barakatu ta karɓi haihuwarta, mace, aka sa mata Rabi.

Mutane sun ɗauka abin ya wuce. A wurin Barakatu bai wuce ba. Ta yagi ƙyalle daga zanen goyon, ta buɗe wa Uwa ƙulli nata, ta raba na Huseina biyu ta ɗaura rabi a na Rabi. Sannan ta zauna ta bi aurarrakin da ta taɓa cewa babu nono a cikinsu, ɗaya bayan ɗaya, tana ware waɗanda ango ko amarya ba ta da ƙyallensu. Ta samu goma sha ɗaya. Garin kuma kullum cika yake da baƙi, ma'aikatan hanya, malaman makaranta, masu gidajen abinci a bakin gada, kowa da 'ya'yan da aka haifa a wani wuri.

Sauran shekarunta a hanya ta yi su. Utai, Kausani, Darki, har ƙauyukan da mota ba ta shiga, tana zama a kan turmin mutane tana tambayar tsofaffin mata wa ya yi wa wance wankan jego, a hannun wa aka yaye wane. Goma daga cikin sha ɗayan ta samo bakin zarensu, duka lafiya. Na ƙarshen, duk waɗanda za su iya sani sun riga sun mutu. Ba ta gaya wa ma'auratan ba, don ba ta da abin faɗa. Amma duk lokacin da ta gamu da matar a hanyar kasuwa da yaranta a baya, sai ta amsa gaisuwa da sauri ta sunkuyar da kai, ta ƙara sauri.